Dasa wa yaro ko tsoho na'urar bibiya a cikin jiki: akwai ta kuwa, kuma ya dace?

"Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Don Allah ina da tambaya. Yarana uku, ƙaramin shekararsa shida kuma yana da lalurar otizim, ba ya magana sosai, da an bar ƙofa a buɗe sai ya fice. Ga kuma mahaifinmu da gigin tsufa ya fara kamawa, sau biyu kenan yana fita ya kasa gane hanyar gida, na biyun sai da muka kwana muna nema. Na ji an ce akwai wani ɗan cif da ake dasawa a ƙarƙashin fata irin wanda ake sa wa karnuka, duk inda mutum ya shiga za ka gan shi a wayarka. Yayana ya ce mu nema a sa wa Baba da yaron, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya da abin. Shin da gaske akwai shi? In kuma akwai, laifi ne in an sa musu tunda su ba za su iya cewa eh ko a'a ba?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya, ya raya mana yaran nan cikin aminci. Wallahi na karanta saƙonki sau biyu kafin in fara rubutu, don duk wanda ya taɓa kwana yana neman nasa ya san irin daren da kike magana a kai, kuma ban ga laifin Yaya ba ko kaɗan da ya kawo wannan shawarar, tsoro ne da ƙauna suka sa shi. Tambayarki in na fahimta gida biyu ce, na farko ko abin yana nan da gaske kuma yana aikin da ake cewa yana yi, na biyu ko ya dace a sa shi a jikin wanda ba zai iya ba da izini ba. Ni aikina na'urorin asibiti ne, gyaransu da gwada su kafin a sa wa mara lafiya, kuma na daɗe ina zama a kwamitin ɗa'a na asibitin da nake aiki, so duka ɓangarorin biyu sun sha zuwa gabana. Bari in fara da na farkon, don rabin rigimar a nan take mutuwa.

Abin da cif ɗin yake yi da abin da ba ya yi

Cif ɗin da ake sa wa karnuka da kyanwoyi gaskiya ne akwai shi, a Birtaniya ma tun 2016 doka ta wajabta a sa wa kowane kare. Girmansa kamar ƙwayar shinkafa, tsawonsa wajen milimita 12, ɗan kwalba ne siriri a cikinsa akwai 'yar waya a nannaɗe da wani ɗan guntun lantarki mai ɗauke da lamba, na dabbobi lamba 15 ce. Shikenan abin da ke ciki. Babu batir, babu GPS, babu layin waya. A kwance yake shiru kamar matacce har sai an kawo na'urar karantawa daf da shi, ita ce za ta ba shi 'yar wutar da zai farka ya faɗi lambarsa, da an janye ta ya koma barci. Wannan fasahar ita ake kira RFID, danginta ne ke cikin katin banki da ake ɗorawa a kan inji ba tare da an zura ba.

Ina da guda ɗaya a durowar ofishina da na'urar karanta shi, duk iyayen da suka zo min da wannan maganar nakan ɗora shi a tafin hannunsu in ce su riƙe, sai in fara matso da na'urar daga nesa. Daga bakin ƙofa shiru, daga gefen tebur shiru, sai na kawo ta kusan ta taɓa hannun sannan ta yi ƙara lambar ta fito. Kin ga kenan karen da ya ɓata ba cif ne ke nuna inda yake ba, sai wani ya tsince shi ya kai shi wajen likitan dabbobi an goga masa na'ura a wuya an ga lamba an duba rumbun bayanai an kira mai shi. Cif ɗin yana amsa tambayar "wane ne wannan" ne bayan an riga an same shi, ke kuma tambayar da ta hana ki barci ita ce "ina yake yanzu", kuma a kan wannan ba shi da abin cewa.

To me ya hana a yi mai GPS ɗin a dasa? Mutane da yawa suna zaton tauraron ɗan adam ne ke kallonmu yana faɗin inda muke, alhali taurarin GPS suna can sama da nisan kilomita 20,000 suna ta watso sigina ne kawai, ba sa jin kowa ba sa ganin kowa. Na'urar da ke hannunki ce take sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu ta yi lissafi ta gane inda take, sannan in ana so labarin ya iso wayar wani sai ta tura shi ta hanyar sabis ɗin waya, wato dole tana da layi da eriya da batir mai ƙarfi. Siginar da ke saukowa daga sama kuwa kafin ta iso ƙasa ta yi rauni sosai, shi ya sa ko cikin ɗaki mai decking wayarki kan rikice, jikin mutum kuma yawancinsa ruwa ne mai gishiri wanda ke shanye irin wannan siginar. Sai maganar wuta, agogon yara mai GPS kwana ɗaya ko biyu yake yi a nemi caja, to yaya za a yi cajin abin da ke cikin naman yaro kullum? Na'urar daidaita bugun zuciya da muke dasawa tana kai shekara goma a jiki saboda wutar da take ci ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kiran kowa a nesa, kuma duk da haka tiyata ake yi a sa ta, tiyata ake yi a canja ta. Ga zafi kuma, ƙa'idar da muke bi ita ce abin da aka dasa kada ya ɗumama naman da ke kewaye da shi fiye da digiri 2, na'urar da ke ta ƙoƙarin kama sabis kuwa kin san yadda waya ke zafi a aljihu.

Don haka duk wanda ya ce miki zai sayar miki da ƙwayar da za a yi wa yaro allurarta ki riƙa ganinsa a taswira, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba ko kuma ya san tsoronki yake sayar miki. An yi haka a Meziko lokacin da satar mutane ta yi ƙamari, wani kamfani ya riƙa dasa wa masu hali cif, amma da aka bincika sai aka ga aikin bibiyar duk yana jikin wata na'ura ce daban mai GPS da mutum zai riƙa yawo da ita, wadda ita ce farkon abin da ɓarayin za su ƙwace su jefar. A ƙasar dai, a 2004, babban lauyan gwamnati Rafael Macedo de la Concha shi da wasu ma'aikatansa sun sa cif, amma na buɗe ƙofar ɗakin bayanan sirri ne, irin aikin da katin shaida ke yi.

An taɓa gwadawa a jikin mutane

Tarihin abin ba gajere ba ne. A 1998 wani farfesa a jami'ar Reading da ke Ingila mai suna Kevin Warwick ya sa an dasa masa a hannu na 'yan kwanaki, ƙofofin ofis suna buɗe masa da kansu. Shi ɗin ne kuma a 2002, bayan an sace wasu 'yan mata biyu an kashe su a Ingila hankalin iyaye ya tashi, ya fito ya ce zai dasa wa wata yarinya 'yar shekara 11 na'urar bibiya bisa roƙon iyayenta, ƙungiyoyin kare yara suka yi masa ca, ƙarshe ba a yi ba. A Oktoban 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani mai suna VeriChip, ana sa shi a dantse, yana ɗauke da lamba 16 da likita zai karanta ya buɗe fayil ɗin mara lafiya in an kawo shi a sume. Ita kanta hukumar ta lissafa haɗuran da ke tattare da shi, akwai jiki ya ƙi karɓarsa, akwai ya gusa daga inda aka sa shi, akwai matsala in za a shiga injin hoton MRI. A 2006 wani injiniya Jonathan Westhues ya nuna cewa da 'yar na'urar da ya haɗa da hannunsa zai iya kwafe lambar daga dantsen mutum in ya matso kusa da shi, don lambar ba a kulle take ba. A 2007 kamfanin dillancin labarai na AP ya tono wasu bincike da aka yi kan ɓerayen gwaji inda wani kaso daga cikinsu suka fito da ƙari mai daji a daidai wurin da aka sa cif ɗin. Ɓera ba mutum ba ne, wannan gaskiya ne, kuma miliyoyin karnuka na yawo da shi lafiya lau, amma kare shekara goma sha yake yi, ɗanki kuma muna roƙon Allah ya kai tamanin da abin a jikinsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai a labarin VeriChip shi ne a wannan shekarar ta 2007 sun shirya dasa wa masu cutar mantuwa ta Alzheimer har mutum 200 a jihar Florida, wato da aka rasa masu lafiya da za su yi layi su karɓa sai aka juya wajen waɗanda ba za su iya musu ba. A 2010 aka daina yin cif ɗin gaba ɗaya don bai samu kasuwa ba. Waɗanda aka riga aka sa wa fa? Yana nan a dantsensu, kuma cire shi ba kamar sa shi ba ne, don an yi masa wata 'yar hula da nama ke kamawa ya manne don kada ya yi yawo, sai an tsaga an lalubo.

Eh akwai dubban mutane a Siwidin da suka sa a hannu suna buɗe ƙofa da shi, har tikitin jirgin ƙasa aka taɓa karɓa da shi, a 2017 ma wani kamfani a jihar Wisconsin ta Amurka ya sa wa ma'aikatansa kusan 50 da suka ce suna so. Waɗannan manya ne da hankalinsu, jikinsu ne, su suka miƙa hannu. Kuma ita Wisconsin ɗin tun 2006 ta yi dokar hana tilasta wa kowa, California da North Dakota suka biyo baya a 2007.

A ce gobe an ƙera mai aikin

Yanzu mu zo kan abin da ya hana zuciyarki kwanciya, don fasaha tana gudu, ba zan ce miki har abada ba za a iya ba. A ce an yi, ƙarami, mai aiki, ba ya zafi. Ni dai a nawa ganin har a lokacin ba zan sa hannu a dasa wa yaro ba, kuma dalilina ba wai iyaye ba su da ikon yanke wa ɗansu hukunci ba ne, ai kullum suna yi, ke kika yarda aka yi masa rigakafi yana kuka, in tiyata ta kama ke za ki sa hannu. Amma a kwamitinmu tambayar da muke fara yi kafin a huda jikin wanda bai iya magana ba ita ce, wace cuta ce a jikin nan da wannan hudar za ta magance, kuma babu wata hanya mafi sauƙi da za ta yi aikin? Rigakafi jikin yaron yake karewa kuma ba shi da madadi. Na'urar bibiya kuwa akwai wadda ake ɗaurawa a hannu ko a sa a takalmi ta yi aiki iri ɗaya, kin ga kenan abu ɗaya tak dasawa ta ƙara, shi ne ba zai iya cirewa ba. Kuma wannan ɗin da ake gani shi ne amfaninta, shi ne kuma babban aibinta.

Yaron nan mai shekara shida zai zama ɗan sha shida, zai zama ɗan talatin in Allah ya so, da yawa daga masu otizim suna girma su yi karatu su yi aiki su yi aure. Agogo ranar da ya isa ya ce ya gaji sai ku zauna ku yi magana a kwance shi. Abin da ke cikin nama kuwa hukunci ne da aka yanke wa babban mutumin da zai zama tun bai san kansa ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce a saurari ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da wayonsa, ta kuma ce shi ma yana da sirrin da ba a keta masa haka kawai, ta masu buƙata ta musamman ta 2006 ita ma ta nanata cewa jikinsu da sirrinsu yana da alfarma daidai da na kowa. Amma ko ba a rubuta a takarda ba ai mun san ɗa amana ne a hannunmu, riƙo aka ba mu zuwa wani lokaci.

Sai babbar tambayar da mutane ba sa yi, wa ke riƙe da ɗaya bakin igiyar? Ke a ranki ke ce za ki riƙa dubawa, uwa mai tausayi. Amma bayanin ba daga jikin yaro yake tsallakowa wayarki kai tsaye ba, sai ya bi ta kwamfutocin wani kamfani, ma'aikatansu na iya gani, masu kutse na iya shiga, ana iya sayar da kamfanin ga wasu, hukuma na iya nema. A 2017 hukumar kare masu sayayya ta Norway ta gwada wasu agogunan yara masu GPS ta gano cewa baƙo zai iya shiga ya ga inda yaro yake, har ma ya sa taswira ta nuna wa iyaye wani wuri daban, a ƙarshen shekarar kuma Jamus ta haramta masu sauraron magana a ɓoye ta ce iyaye su lalata su. To wannan agogo ne, an gano matsala an cire an jefar. In a cikin jiki yake fa? Lambar sirrin waya in ta fita sai ki canja, lambar da ke cikin dantse kuwa sai da wuƙar likita.

Kuma ba kullum mugun yake zuwa daga waje ba, wannan magana ce mai ɗaci amma dole a faɗe ta. Ƙididdigar da gwamnatin Amurka ta yi kan shekarar 1999 ta nuna irin satar da muke tsoro, wato baƙo ya ɗauke yaro ya tafi da shi nesa ko ya nemi fansa, wajen 115 ce a shekarar, amma yaran da wani daga cikin dangi ya gudu da su sun kai wajen 200,000. Ƙasashe sun bambanta, akwai inda garkuwa da mutane ta yi yawa ƙwarai, amma darasin yana nan, wanda ya fi samun damar cutar da yaro sau da yawa shi ne wanda za a ba lambar shiga manhajar. Na taɓa ganin haka da idona. Wata baiwar Allah ta bar gidan mijinta saboda duka, ta koma wani wuri da 'yarta ba ta gaya wa kowa ba, ba a yi sati ba sai ga shi a ƙofar gidan. Agogon da ya saya wa yarinyar tun ana zaman lafiya ne ya kawo shi, ita uwar ta manta ma yana da shi a wayarsa. Da ta zo asibiti da rauni a fuska ni aka kira in duba kayansu, ban fi minti biyar ba na gano, muka cire layin a gabanta. Tun ranar nake tunanin da a ce a cikin jikin yarinyar yake, da duk inda uwar nan ta gudu da 'yarta tana ɗauke da abin da zai tona ta.

Su kansu masu satar mutane in suka san ana dasawa ba za su daina sata ba, za su fara lalube ne. A Malesiya a 2005 ɓarayin mota da suka ga motar ba ta tashi sai da zanen yatsan mai ita, yatsan suka datse suka tafi da shi. Garin neman gira a rasa ido kenan, Allah ya kiyaye.

Abu na ƙarshe a nan, kalmar "masu rauni" roba ce, tana miƙewa. Yau yaro da tsoho, gobe mai taɓin hankali, jibi fursuna da ɗan gudun hijira da 'yar aiki da matar da miji ke zargi. A 2008 'yan majalisar lardin Papua a Indonesiya sun kawo ƙudurin dasa wa wasu masu ɗauke da cutar HIV cif don a riƙa sa musu ido, sai da aka yi ta suka daga ko'ina sannan aka janye. Su ma cewa suka yi kariya ce.

Maganar Baba daban take

Kada ki fahimce ni kamar ina cewa bibiya gaba ɗaya haramun ce, a'a. Ga Baba musamman ina ganin na'urar da ake ɗaurawa tana iya zama rahama, don in babu ita abin da iyalai ke komawa yi shi ne kulle ƙofa da kwaɗo ko ɗura wa tsoho maganin barci, kuma waɗannan sun fi agogo cin mutunci nesa ba kusa ba. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce cikin masu wannan lalurar 10, shida za su fita su ɓata aƙalla sau ɗaya, so abin da ya same ku ba sakacinku ba ne, halin ciwon ne.

Inda na ɗan saɓa da ke shi ne da kika ce ba zai iya cewa eh ko a'a ba. Kin ce gigin "ya fara" kama shi, mai wannan matakin kuwa yawanci yana da sa'o'in da yake garau, galibi da safe, yamma ce ke rikita su. Mutumin da ya manta hanyar gida bai zama lallai ya manta abin da yake so da abin da ba ya so ba. Ku same shi a irin wannan lokacin, ke da Yaya, ku gaya masa gaskiya, Baba ranar nan mun kwana muna nemanka hankalinmu ya tashi, ga wani agogo in ka ɗaura za mu san inda za mu same ka, ka yarda? Ku tambaye shi wa yake so ya riƙa dubawa, don wata ƙila ya yarda da ke bai yarda da suruki ba, kuma haƙƙinsa ne. Ku yi wannan maganar yanzu tun ana iya yi, in ya so abin da ya faɗa ku rubuta ku ajiye, ranar da ciwon ya yi nisa da maganarsa za ku yi aiki ba da son ranku ba.

Akwai wani dattijo da 'yarsa ta zo min da irin buƙatar Yaya sak, ta ce duk agogon da aka ɗaura masa sai ya kwance ya ajiye, don haka a sa masa wanda ba zai iya cirewa ba. Da muka zauna muka bi lokutan da yake fita sai muka ga kusan kullum lokaci ɗaya ne, da sassafe, ashe lokacin da ya yi shekara da shekaru yana fita aiki ne, jikinsa bai manta ba. Agogon kuma ba ƙinsa yake ba, roba ce ke sa masa ƙaiƙayi, kuma shi a rayuwarsa bai saba ɗaura agogo ba. Aka mayar da na'urar jikin bel ɗin da ba ya fita sai da shi, da saninsa, jikansa kuma ya riƙa raka shi zagaye a wannan lokacin su dawo tare. Fitar da yake yi shi kaɗai ta ragu sosai. Cirewar da yake yi magana ce yake musu da hannu tunda baki ya gaza, da an dasa masa a jiki da an toshe wannan maganar ba a ji ta ba.

Shi kuma ƙaramin, wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna kusan rabin yara masu otizim suna ƙoƙarin ficewa bayan sun wuce shekara huɗu, kuma abin da ya fi kashe waɗanda suka fita shi ne ruwa, suna son ruwa sosai. Don haka in akwai rijiya ko tafki ko kududdufi kusa da ku nan ne farkon wurin da za a rufe kuma farkon wurin da za a duba in ya ɓace, kafin ma a buɗe waya, in da hali kuma a koya masa iyo. Sakata a can sama inda hannunsa bai kai ba, 'yar ƙararrawa a ƙofa mai ƙara in an buɗe, lambar wayarki a ɗinke cikin rigarsa, maƙwabta da malamansa su san halinsa su san yadda ake tunkararsa ba a firgita shi ba, sannan na'urar hannu ko ta ƙafa a kai. A Amurka akwai shirin Project Lifesaver tun 1999 da ke ɗaura wa irin waɗannan yara da tsofaffi abin hannu mai fitar da siginar rediyo masu ceto su bi, kuma dokar da gwamnatin Amurka ta yi a 2018 don tallafa wa irin wannan aikin ta fito ƙarara ta ce banda abin da ake dasawa a jiki, kuma sai iyali sun so.

Ba zan ɓoye miki ba, duk waɗannan ba su kai ɗari bisa ɗari ba. Batir na mutuwa, sabis na ɗaukewa, yaro na iya tuɓe rigar, kuma na ga iyayen da na'ura ta sa suka saki jiki suka rage sa ido, wanda hakan ya fi rashinta haɗari. Akwai kuma yaran da lalurarsu ta yi tsanani har ba sa jure komai a fatarsu, uwar irin wannan yaron in ta ce min da akwai na dasawa da ta sa, ba zan iya kallon idonta in ce ta yi laifi ba, nan wuri ne da ni kaina nake jin nauyin maganata. Sannan ni injiniya ne, ban ga Baba ba ban ga yaron ba, wanda zai auna ko Baba na iya yanke wa kansa hukunci likitan ƙwaƙwalwa ne ko na tsofaffi, kuma ku kai shi da wuri don wani lokacin rikicewar da ta ƙaru kwatsam ciwon fitsari ne ko wani magani da yake sha ko ciwon da ya kasa faɗa, a yi maganinsa fitar ta lafa.

In za ku sayi na ɗaurawar, ku canja lambar sirrin da ya zo da ita tun ranar farko, ku kashe wajen sauraron magana in yana da shi, mutum biyu ko uku kawai su samu damar dubawa kuma kowa ya san su wane ne, a sa mutum ɗaya ya ɗauki nauyin caji kullum a lokaci ɗaya, kuma ku gwada shi da kanku, wani ya ɗauka ya zagaya unguwa ku ga ko inda yake nunawa daidai ne kafin ku dogara da shi. Shi kuma Yaya in har ya haɗu da mai cewa yana da na dasawa, ya tambaye shi ina batirin yake, ta ina ake cajinsa, kuma wane layi ne a ciki. Ki gaishe min da Baba, Allah ya ba shi sauƙi ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi.